Kafin ka tura wancan hoton na Naira, saurari masu tara kwabo

Duk bayan 'yan watanni sai hoton takardar Naira ya sake tasowa a Facebook da X da zaurukan WhatsApp, an zagaye wani wuri a jikinta da jan layi. Wannan ya zagaye rubutun ajami ya ce ga shaidar ana shirin musuluntar da Najeriya. Wancan ya zagaye wata alama ya ce ga tauraron Yahudawa an cusa mana. Kafin la'asar an zagi iyaye, an kafirta wasu, an kira wasu 'yan ta'adda. Idan kana cikin masu turawa, ko kina cikin masu yin sharhi da zafi, to ga shawara: akwai mutanen da suka fi mu sanin abin da ke jikin kuɗi, kuma ba su cika hayaniya ba. Su ne masu tara tsoffin kuɗi.

Mai tara kuɗi ba ya fara da tambayar "na wane addini ne?" Tambayoyinsa su ne: yaushe aka buga shi, wa ya buga shi, guda nawa aka buga, kuma wa aka so ya karanta abin da ke jiki? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce muke tsallakewa kullum.

Ɗauki kwabon da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin Gumel da Maigatari. Tun 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara buga kwabo da anini masu huji a tsakiya, ana iya zura su a zare kamar yadda aka saba yi da wuri. A fuska ɗaya akwai kambun sarautar Ingila da sunan sarki, tare da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin. A ɗaya fuskar kuma akwai tauraro mai tsini shida. Ka duba da kyau: kambun sarki Kirista, haruffan Larabci, da tauraron da yau ake cewa na Yahudawa ne, duk a kan ƙarfe guda. Da a zamaninmu aka fito da shi, da TikTok ta kama da wuta. Amma malamai da almajirai sun karɓe shi sadaka, 'yan mishan sun karɓe shi baiko, ba wanda addininsa ya ragu.

Shi wannan tauraro ya daɗe a hannun Musulmi, ana kiransa hatimin Annabi Sulaiman. Yana jikin tsoffin kwandalolin tagulla na Maroko. Yana jikin tutar Najeriya ta zamanin mulkin mallaka daga 1914 zuwa 1960. Ƙasar Isra'ila kuwa sai 1948 aka kafa ta, shekara 41 bayan an fara buga shi a kwabonmu. Masu tara kuɗi a duniya suna son waɗannan kwabbai saboda wani dalili daban: na 1936 suna ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga mulki a cikin shekarar, don haka kuɗin da ke da sunansa kaɗan ne a duniya. Mai yiwuwa akwai irinsa a cikin tsohuwar adakar kakarka a Gagarawa ko Sule Tankarkar, ba wanda ya kula.

To, me zai hana mu buga kwandala ta musamman don tunawa da 'yancin addini, tunda sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa wannan 'yanci? Tunani ne mai daɗin ji. Amma waɗanda suka gwada irin haka sun sha mamaki. A 1924 Amurka ta buga kwandalar rabin dala don cika shekara 300 da isowar wasu Kiristoci 'yan Furotesta, waɗanda aka tsananta wa saboda aƙidarsu a Turai, yankin da ya zama New York. Wata majalisar coci-coci ce ta tsaya a kan aikin. Aka sa hotunan Gaspard de Coligny da William na Orange, jagorori biyu na Furotesta. Matsalar ita ce an kashe na farko a 1572, na biyu a 1584, wato shekaru da dama kafin tafiyar ta 1624. Nan take masu suka suka ce wannan ba tarihi ba ne, tallan ɗariƙa ne da kuɗin gwamnati, kuma 'yan Katolika suka ji an tsokane su. Kwandalar da aka yi don tuna waɗanda aka zalunta saboda addini ta koma abin rigimar addini. Har yau idan masu tara kuɗi suna ba da labarinta, da wannan rigimar suke haɗawa.

Akwai kuma darasi na biyu, wanda zai ba ka mamaki: ba kullum masu tsoron Allah ne ke son a sa sunan Allah a kuɗi ba. Amurka ta fara rubuta kalmar dogaro ga Allah a kwandala a 1864. A 1907 Shugaba Theodore Roosevelt ya sa aka fitar da sababbin kuɗin zinare ba tare da ita ba, domin a ganinsa sa sunan Allah a abin da ake caca da shan giya da shi raini ne. Jama'a suka yi ca, majalisa ta mayar da rubutun a 1908. A tarihinmu ma haka ne. Halifa Abdulmalik bin Marwan ya buga dinari mai rubutu zalla, babu hoto, a shekara ta 77 bayan hijira, da kalmar shahada da ayoyi a jiki. Littattafan tarihi sun ruwaito cewa wasu malaman zamanin ba su so sa ayoyi a kuɗi ba, saboda mai tsarki da marar tsarki duk za su taɓa. Kuɗi yana shiga aljihun liman, yana shiga aljihun ɓarawo. Ba allo ba ne, ba littafin addu'a ba ne.

Yanzu dawo gida. Ciro dubu ɗaya daga aljihunka, idan akwai. Rubutun da ke jiki da haruffan Larabci cewa yake "Naira dubu". A ta ɗari biyar, "Naira ɗari biyar". A ta ɗari biyu, "Naira ɗari biyu". Babu aya, babu hadisi, babu ko bisimilla. Ka miƙa wa Balaraben Alƙahira, zai iya haɗa baƙaƙen amma ba zai san me ake nufi ba, domin Hausa ce. Ajami hanyar rubutu ce, kamar yadda boko yake hanyar rubutu. An rubuta Fulatanci da Barbarci da Nufanci da Yarbanci da shi, kuma 'yan mishan da kansu sun buga sassan Littafi Mai Tsarki da ajamin Hausa don su isa ga masu karanta shi. Idan haruffan Larabci sun mayar da Naira ta Musulunci, to haruffan boko, da suka zo mana ta hannun Turawa da 'yan mishan, sun mayar da ita ta Kiristanci ke nan? Ba mai hankalin da zai yarda.

Duk da haka an yi ta taɓa wannan rubutu. A 2007, lokacin Charles Soludo yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, aka cire ajami daga Naira 5 da 10 da 20 da 50, aka sa darajar kuɗin da Hausa da Yarbanci da Igbo a rubutun boko. A 2014 gwamnatin Goodluck Jonathan ta fitar da Naira 100 ta tunawa da cika shekara 100 da haɗe Arewa da Kudu, ita ma babu ajami. Ƙungiyoyin Musulmi, ciki har da MURIC, suka yi ƙorafi, har aka ce akwai alama a jiki mai kama da tauraron Yahudawa. A 2020 kuma wani lauya, Malcolm Omirhobo, ya kai Babban Bankin ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas yana neman a cire ajami daga sauran takardun. Bankin ya amsa cewa ajami ba alamar addini ba ce, an sa shi ne don masu karanta shi su gane darajar kuɗi. A 2024 kotun ta yi watsi da ƙarar.

Ka lura da abin da ya faru da waccan Naira 100. Ita ce takardar da aka yi musamman don murnar zamanmu tare, amma abin da aka fi tunawa da ita a Arewa shi ne abin da aka cire. Labarin rabin dalar 1924 ne ya maimaita kansa a Najeriya.

A nan dole mu yi wa juna adalci, mu matasan Arewa. Ba zai yiwu mu ce wa ɗan Kudu "ajami rubutu ne kawai, je ka karanta tarihi", sannan mu ga siffa mai tsini shida mu yi ihu ba tare da mun karanta namu tarihin ba. Ma'auni ɗaya ne. Kuma Kiristan da ya ga haruffan Larabci ya ji wani iri ba lallai maƙiyinka ba ne. Sashe na 10 na kundin tsarin mulki ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, kuma yana da haƙƙin tambaya. Bugu da ƙari, akwai gaskiya a wani ɓangare na ƙorafin: a manyan takardun nan uku, bayan Turanci, Hausa ce kaɗai ta samu wuri. Bayarabe da Igbo suna iya cewa, mu fa? Amsar wannan ba zagi ba ce.

Ra'ayina shi ne a ƙara, kada a rage. A mayar da ajami kan ƙananan takardu da Naira 100, a kuma sa Yarbanci da Igbo a kan 200 da 500 da 1000. Wuri bai ƙare a jikin takarda ba. Indiya tana rubuta darajar kuɗinta da harsuna 15 a gefe guda, ban da Hindi da Turanci, kuma cikinsu akwai Urdu da ake rubutawa da haruffan Larabci. Abin da ya fi ciwo a gyaran 2007 shi ne an cire ajami daga kuɗin da talaka ya fi riƙewa: na mai sayar da ƙosai, na tsohuwa mai daddawa, na dattijon da ya sauke Alƙur'ani amma bai shiga aji ɗaya na boko ba. Wannan dattijo ba jahili ba ne, yana karatu yana rubutu. Kuɗin ƙasarsa ne ya daina yi masa magana.

Idan kana son ganin inda 'yancin addini da kuɗi suke haɗuwa da gaske, je kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ga Bafulatani da Buzu da Bamange sun kawo shanu da raƙuma da tumaki, wasu daga cikin Jihar Damagaram ta Nijar. Ga fatake daga Kudu, da yawansu Kiristoci, suna loda tireloli. Ga 'yan canji da damin Naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya hannun. Ita sefa Faransanci ne a jikinta, da tambarin kifi da aka ɗauko daga ma'aunin zinaren mutanen Akan, amma Bahaushen Nijar ya mayar da ita tasa, yana lissafi da dala da jika. Idan aka kira sallah dillali ya tafi masallaci, abokin cinikinsa ya jira shi a inuwa, a dawo a ƙarasa. Ba wanda ke duba rubutun jikin takarda don ya san addininta. Abin da ake dubawa shi ne ko ta gaske ce, kuma nawa take saye yau. Wannan garin ne gwamnatin Jigawa ta zaɓa ta kafa yankin ciniki marar shinge, kuma jarinsa na farko ba gine-gine ba ne, wannan amanar ce da ke tsakanin mutanen da ba su haɗa alƙibla ba.

Ka tuna farkon 2023, lokacin da kuɗi suka ɓace bayan an sauya fasalin Naira. A layin banki da wurin masu POS, akwai wanda ya ƙi karɓar sabuwar dubu saboda ajami? Akwai wanda ya mayar da ɗari saboda babu shi? Wahala ta nuna mana abin da ke gabanmu da gaske. Ita kuwa kwandalar tunawa, a ƙasar da aka buga kwandalolin kwabo 50 da Naira 1 da Naira 2 a 2007 amma yau ko yaro ba ya karɓarsu, a akwatin manya za ta ƙare. Ba za ta hana a rufe wa wani wurin ibada ba, ba za ta hana taron fushi ya far wa wani saboda jita-jita ba. Kuma irin waɗannan jita-jita, mu ne da wayoyinmu muke ba su ƙafa.

Don haka ga abin da nake roƙonka. Idan hoton nan ya sake shigowa wayarka, dakata. Nemi wanda ya iya ajami ya karanta maka abin da aka zagaye, ko ma ka koya da kanka, ba ya ɗaukar wata guda ga wanda ya yi makarantar allo. Tambayi shekarar da aka buga kuɗin da dalilin bugawa. Sannan idan ka je gida hutu, roƙi kaka ta buɗe adaka. In ka samu anini ko kwabo mai huji ko sule, kada ka goge shi da toka ko omo, domin gogewa tana rage masa daraja a wurin masu tarawa. Ɗauki hotonsa gaba da baya, rubuta shekararsa, ka ɗora a shafinka tare da labarin abin da kaka ta ce yana saye a zamaninta. Wannan ya fi jan layi amfani, kuma ba zai jawo a zagi mahaifin kowa ba.