Talabijin Ba Ta Sake Hali Ba, Mu Ne Muka Tashi Daga Tabarma

Duk inda iyaye suka haɗu a Kwatano, ko a gindin masallacin Zongo bayan la'asar ko a bakin teku nan Fidjrossè ranar Lahadi, kukan ɗaya ne: katun na yanzu ya lalata yara, na zamaninmu shi ne na tarbiyya. Ni ma uba ne, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Amma rabin kukan nan son kai ne.

Me muka kalla a da? Tashar gwamnati ta ORTB ta fara nuna hoto a ƙarshen 1978, zamanin juyin juya halin Mathieu Kérékou. Tasha ɗaya ce tal, tana buɗewa da yamma, dare ya yi ta rufe. Abin da take ba yara yawanci daga Faransa da Japan da Amurka ya zo, da Faransanci: kyanwa da ɓera suna rotsa wa juna guduma, mutum-mutumin ƙarfe suna harbe-harbe. Mai doguwar eriya kan kamo NTA ta Legas, a ga Tales by Moonlight da aka fara a 1984, tatsuniyoyi ne na gida amma da Turanci. Babu wanda ya yi mana magana da Hausa a akwatin nan. Wanda ya ce duka da faɗa yau suka shigo katun, ya manta ƙuruciyarsa ne.

Abin da ya tsare mu ba kyan shirin ba ne, yanayin kallon ne. Akwati ɗaya a layi, a gidan wani Alhaji. Sai ka wanke ƙafa, ka yi sallama, ka zauna inda aka nuna maka. Manya suna nan a bayanka. In aka nuna abin da bai dace ba, gyaran murya ɗaya daga maigida ya isa kowa ya sunkuyar da kai. Ladan ya kira magariba, a kashe, babu mai cewa "Baba, saura kaɗan." In an tashi kuma a koma wurin Inna ko Kaka, inda Gizo da Ƙoƙi suke jira. Talabijin baƙuwa ce a lokacin, tana zuwa tana tafiya, harshen gida kuma yana da sauran daren duka.

Daga 1997 da LC2 ta buɗe, sai Golfe TV da Canal 3 suka biyo, sai faranti a kan kowane rufi. Yau mai biyan Canal+ yana da tashoshi irin su Gulli Africa da Piwi+ waɗanda aikinsu ke nan, katun safe da rana da dare. Wannan ma da sauƙi, don akwatin yana falo, kana wucewa kana gani. Babbar matsalar waya ce. Hukumar HAAC mai sa ido kan kafafen watsa labarai tana iya jan kunnen tashar da ke ƙasar nan, amma ba ta da ta cewa kan abin da yaro ɗan shekara huɗu yake gani a YouTube ƙarƙashin bargo. Kuma an gina dandalin ne yadda ba zai ƙare ba: bidiyo na ƙarewa wani na ɗorawa da kansa, domin kuɗin talla yana bin yawan kallo. Babu ladan a cikinsa.

To wa ya miƙa wayar? Mu ne. Uba ya dawo daga kasuwar Dantokpa a gajiye, uwa tana fama da tukunya, yaro ya sa rigima, sai a ce "ungo, yi shiru." Ban raina gajiyar kowa ba, zaman Kwatano ba wasa ba ne, kuma a unguwar Fidjrossè ba mu da tsakar gida cike da kakanni da gwaggwanni kamar gidajen Zongo na da. Amma a kira abin da sunansa: shiru muka saya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2019 cewa jaririn da bai kai shekara biyu ba bai kamata a zaunar da shi gaban allon kallo ba, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. A gidaje da yawa awa ɗayan nan tana ƙarewa kafin a sauke kokon safe.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ɗabi'a ba ce, harshe ne. Ɗan Bahaushe a garin nan yana karatu da Faransanci, yana jin yaren Fon a titi da bakin masu zemijan, wato 'yan acaɓa, yana dariya da Faransanci ko Turanci a gaban waya. Hausa fa? Ta koma harshen "tashi ka yi salla", "bari mana", "zan zane ka." Yaron da bai taɓa jin abin dariya ko abin tausayi da harshen uwarsa ba, yaya zai ƙaunace shi? Za ka ji ana tambayar yarinya "Ina kwana?" ta amsa da Faransanci, kakarta ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Wasu za su ce ai ga Arewa24 tun 2014, ga finafinan Kano. Haka ne, kuma sun riƙe mana harshe a nesa da gida. Sai dai shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Labarina ba don yara aka yi su ba. Zaunar da ɗan shekara shida ya sha labarin kishiya da saki da boka, don kawai da Hausa ake yi, ba tarbiyya ba ce.

Shirye-shiryen yara na kirki akwai, sai an nema. Kirikou, wanda ya fito a 1998, daga tatsuniyoyin Afirka ta Yamma aka ɗauko shi. Bino and Fino aikin Adamu Waziri ne daga Abuja. Sesame Square ta fara a NTA a 2011, da Zobi direban tasi mai son doya. Akili and Me na kamfanin Ubongo na Tanzaniya an juya shi zuwa Hausa. Dubi jerin da kyau: wanda aka samu da Hausa fassara ce, ba da ita aka ƙage shi ba. Masana'antar finafinan Kano da ta iya fitar da fim mai dogon zango kashi ɗari kan rikicin aure har yau ba ta ba Gizo shirin katun da ya shiga kowane gida ba. Alhali 'ya'yan Hausawa suna nan a zangon Kwatano da Lome da Akara da Kumasi da Abijan, iyayensu kuma suna sayen data kowane mako.