Ra'ayinmu: Maganin Tire, Arahar Da Ke Cin Rai

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Arzeke ta Paraku da sassafe, ko ya taɓa jiran mota a tashar Jugu, ya san wannan ciniki. Mutum ya kwana da zafin jiki, kai na sara, ga kaya an riga an ɗaure, ga mota ta cika za ta Malanbil ko Cikanda. Sai ya yafito mai magani, ya ce a haɗa masa na dala ashirin. A ba shi farasitamol biyu, da kafso ja-da-rawaya biyu, da wata ƙwaya ta zazzaɓi wadda shi da mai sayarwar babu wanda ya san sunanta. Ya kora da ruwan leda, ya hau mota. Idan jiki ya yi sauƙi kafin a kai Kandi, ya ce magani ya yi kyau.

Mun san dalilin da ya sa ake yin haka, domin mu ma 'ya'yan kasuwa ne. Asibiti na cin wuni guda, takardar likita na cin kuɗi, ciniki kuma ba ya jira. Amma binciken da masana lafiya suka daɗe suna yi, har da wanda aka yi a nan ƙasar Benin, ya nuna cewa wannan araha tana tafe da bashi mai nauyi, kuma ba mai shan maganin kaɗai ke biyan sa ba.

Abu na farko da ya kamata mu gyara shi ne maganar da ake yawan yi cewa "jikina ya saba da maganin." Gaskiyar lamarin, ƙwayar cutar ce ke sabawa. Idan mutum ya sha maganin da bai kai ƙa'ida ba, ko ya sha na kwana biyu ya bari alhali na kwana bakwai aka rubuta, raunanan ƙwayoyin cuta za su mutu, masu taurin kai su rage. Waɗannan da suka rage su ne za su hayayyafa, su kuma za a kai gida wa mata da yara, a kai wa abokin zama a mota, a kai wa maƙwabcin rumfa. Manoman auduga na Borgu da Alibori sun ga irin wannan da idonsu a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da maganin feshin da ke kashe tsutsa ya daina kashe ta. Ko Alexander Fleming, Baturen da ya gano fenisilin a 1928, sai da ya ja kunnen duniya a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa.

Abin da ya ji tsoro ya faru. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani. Idan aka auna da yawan jama'a, babu yankin da abin ya fi yi wa ɓarna kamar Afirka ta Yamma, wato mu.

Manyanmu ba sa buƙatar mujalla kafin su yarda. Sun san zamanin Nibakin, lokacin da ƙwayar kulorokwin mai ɗaci ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku, a kan kuɗin da bai kai na goro ba. A hankali ta daina aiki, yara na sha suna mutuwa, har gwamnatin Benin ta sauya tsari a 2004, Nijeriya ta bi a 2005, aka koma ga haɗin magani mai atemisinin, irin su Coartem. Wannan haɗin shi ne abin dogaronmu a yau. Wani gwaji da aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Jugu da Kobli, wanda aka buga sakamakonsa a 2016, ya nuna maganin yana aiki sosai a yankinmu. Sai dai an riga an tabbatar da cewa ƙwayar cutar ta fara jure wa atemisinin a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya. Haka labarin kulorokwin ya faro: daga Asiya ya shigo gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1970, bai cika shekara 10 ba ya iso mana. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wanda ya sayi fakitin Coartem na mutum ɗaya ya raba wa yara uku, ko ya sha na kwana ɗaya ya ajiye saura don wani jiƙo, yana taimakon cutar ne wajen karya makamin da ya rage mana.

Matsala ta biyu ta fi wannan gaggawa: ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. A watan Janairun 2016, wasu ma'aikatan lafiya a gundumar Cawuru, kudu kaɗan da Paraku, suka kwanta da zazzaɓin da aka rasa gane kansa, bayan sun yi jinyar wani majinyaci. Gwaji ya nuna zazzaɓin Lassa ne. Kafin a sanar da ƙarshen annobar a watan Mayun wannan shekara, an lissafa mutum 54 da ake zaton sun kamu, 28 daga ciki suka riga mu gidan gaskiya. Kafin nan, a ƙarshen 2014, cutar ta ɓulla a Tangiyeta, arewa da Jugu, inda ma'aikatan asibiti ke cikin waɗanda suka rasu.

Haɗarin Lassa shi ne shigar burtu da take yi. Tana farawa da zafin jiki, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro, wani lokaci amai da gudawa, wato daidai da abin da kowa zai kira maleriya ko taifot. Mutane da yawa na jiran sai sun ga jini kafin su tsorata, alhali ba kowa ke zubar da jini ba, kuma wanda ya kai nan ya riga ya makara ƙwarai. Kusan 4 cikin 5 na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai, amma sauran takan kai su ga halaka, musamman mace mai tsohon ciki, wasu kuma da suka warke sukan rasa ji. Cutar na iya kwanciya a jiki har kwana 21 kafin ta bayyana, lokacin da ya ishi ɗan kasuwa ya je Saki, ya dawo Paraku, ya wuce Jugu har Kara ta ƙasar Togo. Ɓera ne ke yaɗa ta, ta fitsari da kashin da yake yi cikin abinci. Don haka masu ajiye masara, garin rogo da busasshiyar doya a sito, da masu shanya a bakin titi, maganar nan ta shafe ku kai-tsaye. Babu kafson da ke kashe ƙwayar Lassa, babu Coartem ɗin da ke taɓa ta. Abin da maganin tire ke yi shi ne ya danne zafin jiki na 'yan awoyi, ya cinye kwanakin da ya kamata a ce majinyaci na hannun likita.

Tarin fuka ma yakan yi irin wannan ɓad-da-kama. Mun saba da mai tari da rama, amma cutar kan kama ƙashin baya, ko ta fito da ƙulli a wuya, ko ta kumbura ciki, ba tare da tari ba. A shirinmu na lafiya a gidan rediyo, wani ɗan'uwa mai fataucin albasa ya taɓa ba mu labarin yadda ya yi kusan shekara yana fama da ciwon baya da zufar dare. An ce basir ne, an ce sanyi ne, an ce sammu ne, ya sha kafso iri-iri har jarinsa ya ƙare, sai da ƙafafunsa suka fara gazawa aka kai shi asibiti aka gano tarin fuka ne a ƙashin baya. Ya warke, amma da sanda yake tafiya. Maganin tarin fuka na wata 6 ne aƙalla, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati. Matafiyi da ya sha na wata 2 ya ji sauƙi ya kama hanya, yana iya dawowa da nau'in da ba ya jin maganin farko. A da, jinyar irin wannan nau'i takan kai kusan shekara 2 da allurai masu kurmantarwa. Benin da Nijar na cikin ƙasashen Afirka 9 da suka gwada tsarin wata 9 tsakanin 2013 da 2015, sama da kashi 80 cikin 100 na majinyatan suka warke, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2016, sannan a 2022 ta amince da wani na wata 6 wanda babu allura a ciki. Wannan ci gaba ne da likitocinmu da majinyatanmu ke da hannu a ciki. Kada mu ɓata shi da sakaci.

Akwai kuma maganar da ba ta da daɗin faɗa, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganin tire ba daga sama yake faɗowa ba. A cikin buhunan kaya yake tsallake iyaka, a kan babura ta hanyoyin daji, kuma wasu daga cikinmu ne ke ɗauko shi domin ribarsa ta fi ta atamfa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa 1 cikin kowane 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. A 2015, ana tsakiyar annobar sanƙarau, an gano allurar rigakafi ta jabu a Nijar. Ko maganin gaskiya ne, idan ya wuni a rana irin ta watan Maris, ƙarfinsa na iya raguwa, kuma magani mai rabin ƙarfi shi ne makarantar da ƙwayar cuta ke koyon taurin kai. A Kwatano ne aka yi shelar yaƙi da jabun magunguna a watan Oktoban 2009, a can ne kuma jami'an tsaro suka dira kasuwar magani ta Ajegunle da ke Dantokpa a watan Fabrairun 2017, suka kwashe sama da tan 80. Tun daga nan tire ya rage fitowa fili, amma kowa ya san ya koma cikin jaka da ƙarƙashin tebur. Ɗan kasuwar da ba zai yarda ya sayar da gurɓataccen man gyaɗa ba don kada sunansa ya ɓaci, ta yaya zai ɗauko katan ɗin ƙwayar da bai san abin da ke cikinta ba, wadda ƙila jikansa za a ba?

'Yan kara da masu kiwon kaji ma suna da nasu rabon. Allurar da ake yi wa sa yau a yanka shi gobe, da kafson da ake zuba wa kaji a ruwa ko ba su da ciwo, da nonon saniyar da ke kan magani wanda ake yin wagashi da shi, duk hanyoyi ne da ƙwayoyin cuta masu taurin kai ke bi su iso kwanonmu. Kowane maganin dabba yana da kwanakin jira kafin a yanka ko a tatsa. A tambayi malamin dabbobi.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da abubuwa kaɗan waɗanda ba su fi ƙarfin kowa ba. Idan zazzaɓi ya zo, a fara da gwajin jini na gaggawa wanda ma'aikatan lafiya ke kira TDR. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, sakamako kuma ba ya wuce minti 20. Idan ya nuna maleriya, a shanye maganin na kwana 3 cif. Idan bai nuna ba, ko an sha magani kwana 2 zuwa 3 babu sauƙi, a tafi asibiti, kada a ƙara komawa wurin mai tire. Paraku na da babban asibitin koyarwa na Borgu da Alibori, Jugu na da asibitin Ordre de Malte, ga cibiyoyin lafiya na unguwanni. A gaya wa likita gaskiyar garuruwan da aka bi da magungunan da aka riga aka sha. In da hali a tafi da kwalayen, domin kafson da aka sha jiya na iya ɓoye cutar a gwajin yau. Wanda ke kan dogon magani ya karɓi isasshe da takardarsa kafin ya yi tafiya. A rufe hatsi, a toshe ramukan sito, a daina taɓa mataccen ɓera da hannu. Iyaye mata su kai jarirai rigakafin maleriya, wanda Benin ta sa cikin jerin alluran yara tun watan Afrilun 2024, ba tare da an jingine gidan sauro ba.

Ga sarakunan Zango, shugabannin kasuwa, masu masauki da shugabannin tasha, muna cewa maganarku ta fi ta rediyo shiga kunne. Baƙon da ya sauka da zazzaɓi a gidanku amana ne. Kai shi asibiti ya fi aika yaro sayo masa haɗi.

Hukumomi su ma kada su ɗauka kame da ƙone-ƙone sun wadatar. Muddin farmasi na nesa, ko a rufe da dare, ko farashinta ya fi ƙarfin talaka, mai tire ba zai rasa ciniki ba. Muna son ganin wuraren gwaji a bakin manyan kasuwanni da tashoshi a ranakun cin kasuwa, da magunguna masu rangwame waɗanda ba sa yankewa, da bayani cikin Hausa, Dendi, Bariba da Fulatanci. Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, tana yaye likitoci kuma malamanta na bincike a kan cututtukanmu. Ya dace sakamakon ya fito daga takardun Faransanci ya zo kasuwa cikin harshen waɗanda aka ɗebi jininsu. Ƙofar gidajen rediyonmu a buɗe take.

Kakanninmu sun bi wannan hanya daga Kano da Katsina, ta Nikki da Jugu, har Gwanja, suna kai kanwa suna ɗauko goro, kuma da amana suka yi suna. Mun riga mun yi asarar kulorokwin. Ko Coartem da sauran magungunan yau za su yi wa jikokinmu aiki, wani ɓangare na amsar yana hannun mai saye da mai sayarwa a Arzeke da kasuwar Jugu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.