Kasuwa ba ta san mai yunwa ba: darasin da shekarar 2005 ta bar mana

Akwai wata aƙida da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka tun zamanin Margaret Thatcher da Ronald Reagan, wadda masana irin su Milton Friedman suka yi wa hidima da alƙalaminsu. Abin da take cewa shi ne gwamnati ta janye hannunta daga harkar saye da sayarwa, ta sakar wa kasuwa mara, domin a cewarsu farashi da kansa zai ja kaya zuwa inda ake buƙatarsu. Masu tsananin ra'ayi a cikinsu har cewa suke yi aikin gwamnati bai wuce tsaron rai da dukiya da yanke shari'a ba. Mu a Nijar wannan magana ba a littafi kaɗai muka gan ta ba, a kan tukunyarmu aka gwada ta.

A shekarar 1970 aka kafa ma'aikatar OPVN domin ta sayi cimaka da kaka, ta ajiye, ta fito da ita lokacin da farashi ya hau. Da kuɗin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa katutu, sai aka nufi asusun FMI da Bankin Duniya. Cikin sharuɗɗan da suka gindaya akwai rage ƙarfin irin waɗannan ma'aikatu da barin cinikin hatsi a hannun ƴan kasuwa. A watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi.

Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da farin ɗango. Giɓin cimakar da aka ƙiyasta ya kai kimanin ton dubu 223, wato bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasa ke ci a shekara ba. Giɓi ne, amma ba irin wanda zai kai dubban yara asibiti ba. Sai dai hatsi, kamar yadda masu waccan aƙida suka faɗa, ya bi farashi. A Najeriya ya fi daraja, don haka ya tsallaka iyaka, wasu maƙwabta kuma suka tare nasu. Buhun gero da aka saya wajen jika 10 da kaka ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni da tsakiyar damina, a daidai lokacin da kuɗin dabba ya faɗi warwas. Makiyayin da a da rago guda ke sama masa buhu, sai da ya kai biyu ko uku.

Abin lura shi ne inda tamowa ta fi tsanani: jihohin Maraɗi da Damagaram, wato rumbun ƙasar. Buhuna na jibge a kasuwa, uwaye na layi da ƴaƴansu a cibiyoyin jinya. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta kula da yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a waccan shekara. Masanin nan ɗan Indiya Amartya Sen, da ya samu kyautar Nobel a 1998, ya nuna haka tun da daɗewa a nazarinsa kan yunwar Bengal ta 1943, cewa mutane na iya mutuwa da yunwa alhali abinci na nan, in dai ba su da abin saye.

Me hukumomi suka yi? Gwamnatin Tandja Mamadou da masu ba ta tallafi sun zaɓi sayar da cimaka da rahusa maimakon rabawa kyauta, bisa hujjar kada a dagula kasuwa, kada kuma jama'a su saba da miƙa hannu. To amma wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, rahusa me za ta yi masa? Sai da hotunan yara suka zagaya duniya sannan aka soma rabon kyauta a watan Agusta. A farkon wannan shekara dai aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan madara da sukari da garin fulawa da ruwa da lantarki, domin cike asusun gwamnati kamar yadda aka yi alkawari da masu ba da bashi. Sai da ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa suka cika titunan Yamai a watan Maris, suka kira zaman gida, kafin a janye mafi yawansa a Afrilu.

Masu kare aƙidar kasuwa suna da tasu hujja, kuma bai kamata mu toshe kunne ba. Sukan ce ma'aikatun gwamnati sun yi ƙaurin suna wajen ɓarna da son kai, buhun da aka ware wa talaka yakan ɓulla a shagon mai hanya. Sukan ce ɗan kasuwa ne ke kai gero Agadas da Bilma, ba wani ofishi ba. Duka gaskiya ne. Hana fitar da hatsi ma, kamar yadda hukumomi suka yi a 2024, yana sauƙaƙa wa mai saye a birni amma yana rage wa manomi kuɗin guminsa. Sai dai in rumbu na yoyo gyara shi ake yi, ba a rushe shi ana tsakiyar bazara.

Su kansu masu yi mana wa'azin ba sa aiki da shi a gida. Amurka na ba manomanta tallafi mai yawa, abin da ya sa Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi suka kai kukansu kan auduga taron cinikayya na duniya a Kankun a 2003. Tarayyar Turai na kashe kaso mai tsoka na kasafinta a kan manoma. Indiya ta taƙaita fitar da shinkafa a 2008, ta sake yi a 2023, don kare cikin jama'arta. Babu ƙasar da ta bar abincin mutanenta a hannun farashi kaɗai.

Don haka abin da muke kira gare shi a fili yake. A cika rumbun tsimi na ƙasa tun da kaka, a saya kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma da farashin da zai hana su karyar da amfaninsu don biyan bashi. A riƙa bayyana wa jama'a ton nawa ya shiga, nawa ya fita, wace gunduma ya nufa, a karanta a gidajen rediyo da harsunan ƙasa. A ƙarfafa bankunan cimaka na ƙauyuka, musamman waɗanda mata ke riƙe da su. In kuma tamowa ta bayyana, a raba kyauta ba tare da jiran izinin kowa ba. Ɗan kasuwa ya ci ribarsa halal, amma ciyar da wanda ba shi da ko dala nauyi ne na hukuma da na al'umma.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba shugabanni ikon riƙe amana.