Osibisa: ƙauna ta yi yawa, amma ina haƙƙin masu kiɗan?

Tun ranar 14 ga watan Janairun 2025 da labarin rasuwar Teddy Osei ya iso Kumasi daga birnin Landan, da wuya mako ya wuce a gidan rediyonmu ba tare da wani ya bugo waya yana roƙon a sa masa waƙar Osibisa ba. Yawancin masu bugowar kuwa dattawa ne na Akwatialine da Aboabo da Sabon Zango, wato tsofaffin direbobin manyan motoci da masu injin casar shinkafa da masu sayen tsofaffin ƙarafa. Wani zai ce waƙar tana tuna masa da lokacin da ya fara tuƙi zuwa Bawku, wani kuma ya ce da ita aka yi bikin aurensa. Wannan ƙauna da ta haura shekara 50 ba ta dusashe ba ita ce ta sa muka ga ya dace mu tsaya mu yi nazari a kanta.

Ga matasan da ba su san su ba, Teddy Osei haifaffen Kumasi ne, shi da ƙanensa Mac Tontoh, kuma a nan garin suka fara suna da ƙungiyar Comets wajen ƙarshen shekarun 1950. Teddy ya tafi Ingila a 1962. A 1969 shi da ƙanen nasa da makaɗin ganga Sol Amarfio suka kafa Osibisa a Landan, tare da wasu makaɗa uku daga tsibiran Karibiyan da kuma Lasisi Amao ɗan Nijeriya. Abin da suka yi shi ne haɗa gangunan gida da kiɗan hailaif da jitar kiɗan Turawa da ake kira rok. Faifansu na farko, mai hoton giwa da fukafukai, ya fito a 1971, ya kuma kai mataki na 11 a jerin faifan da suka fi kasuwa a Ingila. Sun yi wasa a bikin FESTAC na Legas a 1977, da bikin samun 'yancin kan Zimbabuwe a 1980.

To me ya haɗa mutumin zango da wannan kiɗa? A ganinmu Osibisa zango ce a cikin kiɗa. Kamar yadda Bahaushe da Bamoshe da Bazabarme da Bayarabe suka baro garuruwansu suka zauna layi ɗaya a ƙasar Tonawa, haka waɗannan makaɗa suka taru daga ƙasashe daban-daban a garin da ba nasu ba, suka nemi abinci da abin da suka taho da shi daga gida. Fatake sun san wannan rayuwa. Mu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990, a rikodar iyayenmu muka fara jin Woyaya da Sunshine Day, kuma direbobi ne suka ɗauki kasasuwan suka kai Paga da Sankasi da Aflao, daga can suka haura Wagadugu da Yamai da Lome.

Amma a nan ne gizo ke saƙar. Daga cikin dubban kasasuwan da aka sayar a kasuwanninmu na kan iyaka, nawa ne kuɗinsu ya kai hannun masu kiɗan? Mu kanmu shaida ne. Kaset ɗin da muka girma da shi a gidanmu kwafi ne da aka ɗauka a wata rumfa, an rubuta sunan da biro. Ba mu taɓa ɗaukar hakan laifi ba, domin haka kowa yake yi.

Idan ba a manta ba, bayan juyin mulkin 31 ga Disambar 1981 an kafa dokar hana fita da dare wadda ta ɗauki fiye da shekara biyu, gidajen rawa suka rufe, sannan aka ɗora haraji mai nauyi a kan kayan kiɗan da ake shigowa da su. Makaɗa da dama suka gudu Nijeriya da Jamus, waɗanda ke Nijeriya kuma korar baƙi ta 1983 ta rutsa da su. Da wasan dare ya mutu, sai kaset ya zama hanyar samun makaɗi, kaset ɗin kuma masu kwafi suka mamaye shi. Ita kanta Osibisa, duk da sunanta, an yi ta fitar da tarin waƙoƙinta a faya-fayan CD a ƙasashen waje ba da izininta ba.

Hukuma ta yi nata ƙoƙarin. A farkon shekarun 1990 an fito da tambarin da ake liƙa wa kaset na halal. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta sa haraji a kan na'urorin da ake kwafar waƙa da su, wanda jami'an kwastan ke karɓa, a 2011 kuma aka kafa GHAMRO domin tara wa mawaƙa kuɗinsu. Sai dai kasuwa ta riga doka gudu. Yau babu kaset, yaro ne da kwamfuta a ƙarƙashin laima yake tura wa mutum ɗaruruwan waƙoƙi a memori da kuɗi kaɗan. Mu ma gidajen rediyo ba mu kuɓuta ba, domin makaɗa sun daɗe suna kukan cewa ana sa waƙoƙinsu dare da rana ba a biyansu yadda ya kamata.

Ɗan kasuwa ya fi kowa fahimtar wannan magana. A cinikin goro da kakanninmu suka gina zango da shi, dillali yana cire la'adarsa ne ya miƙa wa mai kaya kuɗinsa, fatoman da ya cinye kuɗin baƙo kuwa ba ya sake ganin baƙo. Waƙa ma kaya ce, tana da mai ita, ko da kuwa ba a ganinta a kwando.

Mac Tontoh ya rasu a 2010, Sol Amarfio a 2022, Teddy Osei a 2025. A watan Disambar 2025 hukumar UNESCO ta sa hailaif cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, amma wannan karramawa ba za ta sayi jita ga yaron da ke koyon kiɗa a Akwatialine ba. Mawaƙanmu na zango masu waƙa da Hausa suna nan da rai, kuma abin da ya sami na da shi ne yake samunsu.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kasuwanni da su tara masu tura waƙa cikin ƙungiya ɗaya, su riƙa biyan kuɗin lasisi na shekara wanda ba zai karya su ba. Gidajen rediyo su biya nasu, masu karɓar kuɗin kuma su riƙa bayyana wa jama'a nawa suka tara da wanda suka ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa mun shekara 50 muna cin daɗin wannan kiɗa.