RA'AYI: Gure na buƙatar lambun jama'a, amma a fara da inuwa kafin fure

A ƙarshen watan Afrilu, wani ɗan'uwana da ke zaune a ƙasar Holand ya turo hotuna a zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu. Yana tsaye a lambun Keukenhof sanye da rigar sanyi, furanni ja da rawaya sun shimfiɗu a bayansa iya ganin ido. A ƙasan hoton ya rubuta: "Yaushe Gure za ta samu irin wannan?" A ranar da saƙon ya iso, zafi a garin ya haura digiri 40, mutane sun raɓe jikin katanga suna bin 'yar inuwar da ke gudu. Wasu suka yi masa dariya, wasu suka ce ya manta gida. Ni ban yi dariya ba, domin tambayar tasa tana da tushe. Amsata ita ce: Gure ba za ta samu irin wannan ba, bai ma kamata ta nema ba. Amma tana buƙatar lambun jama'a, kuma buƙatarta ta fi ta mutanen Holand ƙarfi.

Keukenhof na buɗewa ne makonni takwas kacal a shekara, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, kuma ana dasa furanni kimanin miliyan 7 dominsa duk shekara. A can, waɗannan watanni su ne na fitowa daga hunturu, mutane na neman rana. A wurinmu su ne watannin bazara, lokacin da rijiya ke ja da baya, dabba ke ramewa, tsoho da jariri ke wahalar numfashi da azahar. Mai zuwa lambu a Turai yana zuwa kallo ne. Mai zuwa lambu a Gure a wannan lokaci mafaka yake nema. Duk wanda zai zana mana lambu, daga wannan bambanci ya kamata ya fara.

Abin takaici, ba daga nan ake farawa ba. Duk wanda ya zaga biranen Nijar da na arewacin Najeriya ya san yadda "gyaran gari" yake kasancewa. A zagaye shataletale da siminti, a shafa fenti, a shimfiɗa ciyawar ado, a jera tukwanen furanni da aka sayo daga nesa, a kafa famfon feshin ruwa a tsakiya. Ranar buɗewa a ɗauki hoto. Bayan bazara guda ciyawar ta ƙone, famfon ya bushe, leda ta cika wurin. Lokacin da ake yawo da bikin 18 ga Disamba daga jiha zuwa jiha, an yi Maradi Kwalliya a 2015, an yi Zinder Sabuwa a 2018, an samu tituna da gine-gine da aka amfana da su. Garuruwa irin Gure, da ke kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram a kan hanyar Diffa, ba su shiga wannan layi ba, tunda hedikwatocin jihohi ake yi wa. Wannan rashi yana da ɗan amfaninsa: muna da damar kallon abin da ya rayu da abin da ya mutu a wasu wurare kafin mu kashe ko dala.

Ruwan saman da ke sauka a Gure a shekara bai wuce wajen milimita 300 ba, kuma cikin watanni uku yake zuba. Ciyawar ado tana son ban ruwa kullum, a bazara ma safe da yamma. A garin da mata da yara ke bin layin jarka, zuba ruwan sha a kan ciyawar da ba a ci, ba a kiwo da ita, ba ta kuma ba da inuwa, rashin adalci ne. Wannan kaɗai ya isa a cire ta daga lissafi.

To, da me za a yi lambun? Malamin yana bakin ƙofarmu. Ƙasar Gure da ta Maine-Sorowa an san su da kwarurukan da ke tsakanin tuddan rairayi, inda ruwa ke kusa da ƙasa, irin su kwarin Kilakina. Wanda ya taɓa gangarawa ɗaya daga cikinsu da rana tsaka ya san yadda iska ke sauyawa tun kafin ya kai ƙasa. Goruba ta yi zobe a gefe tana tare iska da rairayi. Dabino ya yi rumfa a sama. A ƙarƙashinsa akwai itatuwan marmari, a ƙarƙashinsu kuma rogo da kayan miya. Kowane hawa yana kare na ƙasa da shi. Manoman Manga ne suka tsara wannan da hannunsu tun kaka da kakanni, ba tare da takardar zane ba. Gure kuwa ba baƙuwar tarihi ba ce: ita ce hedikwatar masarautar Muniyo lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa ta a ƙarshen 1852. Gari mai irin wannan asali bai kamata ya rasa wurin da jama'arsa za su zauna a inuwa ba.

Ba na cewa a kwaso dabino a dasa a kan tudu, inda saiwarsa ba za ta taɓa ruwa ba. Tsarin nake so a ɗauka: kariya daga waje, rumfa daga sama, sannan ado a ƙasa. A gefen da iskar hunturu ke bugowa, a yi shinge mai rai da magarya da dakwara. A ciki a sa aduwa da kurna da kandili, waɗanda suka saba da ƙishirwar ƙasarmu. A sa gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya fito da sabo da rani, wato yana ba da inuwa a lokacin da aka fi nemanta. Bedi, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira dogon yaro ko darbejiya, baƙo ne daga Indiya amma ya daɗe da zama ɗan gari, yana da wurinsa a bakin hanyoyi. Wanda zan ce a yi hattara da shi shi ne prosopis. Ya taimaka wajen tsayar da rairayi, amma mutanen bakin Tafkin Chadi sun ga yadda yake mamaye wuri idan ya samu sarari, ga ƙaya mai huda takalmi. Ba itacen da za a sa inda yara ke gudu ba ne.

Masu son fure ma ba a bar su a baya ba. Kariya, wadda Turawa ke saye da tsada su ajiye a tukunya a falo, tamu ce, kuma da rani take fitar da jan furenta lokacin da komai ya bushe. Sai dai ruwan jikinta guba ne, don haka a dasa ta inda hannun yaro ba zai kai ba. Lalle yana yin shinge mai kyau, furensa na ƙamshi da yamma. Bagaruwa na yin fure rawaya. Zogale na yin farin fure, ganyensa kuma ya shiga kwano. Duk waɗannan, da zarar sun kama ƙasa, ruwan da suke nema kaɗan ne.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a fada ana shan shayi: mutane na fama da tsadar hatsi, da rashin aiki, da matsalar tsaro a gabas, kai kana zancen lambu. Maganar tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Amma a duba wanda rashin inuwa ya fi cuta. Mai hali yana da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, yana da itace a tsakar gidansa. Ɗan kabu-kabu, mai tallar ruwan sanyi, ɗalibin da ke neman inda zai yi bitar jarrabawa a watan Mayu, matar da ta zo daga ƙauye jinyar ɗanta tana jiran mota, su ne ke gasuwa. Samari suna da fada a bakin titi. 'Yan mata da matan aure ina suke da shi, in ba gidan biki ba? Lambun jama'a na ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da talaka zai shiga ya zauna ba tare da an tambaye shi abin da zai saya ba. A birnin Alƙahira, wurin da yake lambun Al-Azhar a yau juji ne na ɗaruruwan shekaru a gefen unguwannin talakawa, kafin a buɗe shi a 2005. Kuɗin da aka kashe a can ba namu ba ne, amma akwai darasi guda da ba ya buƙatar kuɗi: sai da suka yi shekaru suna gwada tsirrai a gandun reno, suka ga wanda zai jure ƙasar, kafin su dasa.

Mu kuwa dasawa muka iya, reno ne ya gagare mu. Tun 1975 ake bikin dashen itace a Nijar duk ranar 3 ga Agusta. Na taɓa halartar irin wannan biki a harabar wata ma'aikata, manya suka durƙusa da manyan riguna, aka dasa, aka yi tafi. Da na koma wurin a watan Maris, ramuka na tarar da 'yan sanduna. Ba a yi shinge ba, awaki suka yi kalaci, ba a kuma ɗora wa kowa alhakin ban ruwa ba. Da a ce rabin abin da aka dasa a cikin shekarun nan kusan 50 ya rayu, da garuruwanmu sun zama kurmi. Ko babban shingen itatuwan da aka fara kafa wa Yamai a 1965, gine-gine sun ci wani ɓangare nasa, domin filin da ba shi da mai tsaro kowa na ganin rabonsa ne.

Duk da haka, ƙasar nan ta nuna ta iya idan aka bi hanyar da ta dace. Sassabin zamani, wato barin kututture ya tofo a gona a riƙa yi masa aski, wanda ya bazu daga Maradi tun shekarun 1980, ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maradi da Damagaram. Manoma ne suka yi, saboda sun san itacen nasu ne. A nan ƙasar Gure, mutanen ƙauyuka sun yi aikin tsayar da tuddan rairayi, har da na shirin PLECO a shekarun 2010: a kakkafa shingayen busassun rassa gida-gida, a dasa a cikinsu, a tsare wurin daga dabbobi. Waɗanda suka iya tsayar da tudun rairayi mai tafiya, hekta biyu a cikin gari ba za ta gagare su ba.

Ga abin da nake ganin ya kamata a yi. Da farko, ma'aikatar magajin gari ta ware fili tun yanzu, kafin rabon filaye ya cinye ko'ina, a yi masa takarda, a kafa alama, a sanar a rediyo domin kowa ya zama shaida. Kada a kai shi bayan gari inda sai mai babur zai je. A sa shi inda tsohuwa za ta taka da ƙafa. Na biyu, shinge kafin dashe. Na uku, a ɗauki masu lambu biyu ko uku daga cikin mutanen kwari da suka san aikin, a yanka musu albashi na aƙalla shekaru uku, domin shekarun farko ne itace ke mutuwa. Na huɗu, a nemi shawarar ma'aikatan gandun daji kan iri da tazara, a kuma yi ramuka masu siffar rabin wata domin ruwan damina ya tsaya a gindin itatuwa maimakon ya bi titi. Benci da fitila mai aiki da hasken rana da makewayi mai tsabta su biyo baya. Ƙofa mai ado da allon suna su zo a ƙarshe, idan kuɗi ya ragu. A bar mata masu ƙosai da masu shayi su yi sana'a a bakin wurin bisa tsari, ɗan abin da za su biya ya shiga asusun ban ruwa, kuma a riƙa manna lissafin a fili.

Sai ku 'yan'uwa da ke Libiya, Aljeriya, Kano, Legas, Saudiyya da Turai. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, Allah Ya saka. Idan kuka tashi taimakon lambu, kada ku turo kuɗin siminti da fenti, kada kuma ku turo irin furen da kuka gani a can. Ku haɗa hannu ku ɗauki nauyin albashin mai lambu guda. Ku ce a riƙa turo muku hoton itatuwan a watan Mayu, ba a watan Agusta ba, tunda da damina kowane fili kore ne. Dasa itacen da mutum ko tsuntsu ko dabba za su amfana da shi sadaka ce a addininmu, kuma ladan yana tare da itacen da ya rayu.

Na mayar wa ɗan'uwana amsa a zauren da hoton wata tsohuwar aduwa da ke kan hanyar kasuwa, mutum bakwai da jaki guda suna rabon inuwarta. Na ce masa idan muka fara a daminar bana, ɗansa da aka haifa a can zai zo hutu yana ɗan shekara goma ya tarar da inda zai zauna. Ya tambaye ni nawa ne albashin mai lambu a wata. Tambayar da nake so hukumar garinmu ma ta yi ke nan.