Ina Za A Sauka Da Yaro A Birnin Kano?

Bayan haka, wannan magana ce a kan fatake da malamai waɗanda su kan taso daga Gumel ko Daura ko Maraɗi ko Damagaram su nufo Kano kwana biyu ko uku, su riƙo ɗansu mai shekara 14 ko 15 domin ya ga birni ya buɗe ido. Niyyar nan kyakkyawa ce. Amma da yawansu su kan gama lissafin kuɗin mota da guzuri tun daga gida, su bar zancen masauki sai an sauka a tasha rana ta yi ja, sa'an nan a tambayi mai Adaidaita Sahu inda ya fi araha. Wannan sakaci ne babba, zama masaukin da ya ishi magidanci shi kaɗai ba lalle ne ya dace da mai tafe da murahiƙi ba, watau yaron da ya kusa balaga ko ya shiga cikinta.

Dalili kuwa a fili ya ke. Uba kwana kaɗai ya ke yi a masauki. Da ya yi asuba ya karya kumallo sai Kantin Kwari, ko Singa, ko Dawanau wajen hatsi, ciniki ya riƙe shi har la'asar, daga nan gaisuwar wani malami ko ta'aziyya ta ɗauke shi har lisha. Yaro ba ya iya zaman rumfa yini guda yana kallon ana auna yadi, tilas wani lokaci a ce masa ya koma masauki ya jira. To, waɗannan sa'o'i na jira su ne abin dubawa. Kafin a tambayi kuɗin ɗaki, a fara tambaya: su wane ne ke zama a ƙofar gidan nan da yamma, kuma akwai wanda zai san yaron nan ɗan wane ne?

Mutanen da sun warware wannan matsala tun tuni. A Kano kowane baƙo yana da unguwarsa. Barebari na da Zangon Barebari, Nufawa na da Tudun Nufawa, Yarabawa na da Ayagi, Larabawan Gadamas da Tarabulus suna Dandalin Turawa, kuma sunan unguwar Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ya fito. Azbinawa masu raƙuman gishiri su kan yada zango a Fagge, bayan ganuwa. Falke ya kan sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya sami la'adarsa in ciniki ya faɗa. Haka Hausawa su ka kai wannan tsari Sabo ta Badun da Agege da zangon Kumasi. Abin da ake mantawa shi ne, fatoma ba dukiya kaɗai ya ke tsarewa ba. Yaron baƙonsa yaronsa ne, in ya gan shi inda bai kamata ba ya tsawata masa, maƙwabta kuma su ce ai ɗan baƙon wane ne. Ribar fatoma tana ga komowar baƙo baɗi, saboda haka ba ya yarda a koma gida da mugun labari.

Otal kuwa wani ciniki ne dabam, kuma ba aibu ba ne a kansa. Yana sayar da ɗaki da ruwa da wuta da makulli, in an biya an fita shi ke nan, ba wanda ya ɗauki amanar kowa. Ga wanda ba shi da kowa a birni wannan rahama ce. Amma a tuna, yaron da aka bari shi kaɗai a ɗaki mai talabijin, ga waya a hannunsa, ga intanet kyauta, ƙofa a kulle, ba a tsare shi daga kome ba, an dai ɓoye shi ne daga idon manya. Wanda tilas ta kai shi otal, to ya kama ɗaki ɗaya mai gado biyu ko ya nemi ƙarin katifa, domin shari'a ta yi umurni a raba wa yara shimfiɗa tun suna shekara 10. Kada ya kama wa yaro ɗaki nasa dabam don nuna wadata. Ya kuma shiga ya duba zauren wurin da idonsa bayan magariba, don otal da hantsi duka kamarsu ɗaya ce.

Wani zai ce, ashe ke nan gidan dangi ko na abokin ciniki a cikin birni ya wadatar. Ba kullum ba. Yaro ɗan shekara 7 ya kan shige cikin gida wurin mata, a yi masa wanka a ba shi tuwo. Murahiƙi ba ya shiga gidan kulle na wani, iyakarsa zaure. Da dare sai a tura shi shagon samarin gida, waɗanda uban bai taɓa gani ba, ya kwana tare da su, ya ji hirarsu, ya bi su inda za su. Gidaje da yawa samarinsu almajiran kirki ne, su kan tafi da baƙo makarantar dare ya zauna ya saurara. Amma kowa ya san akwai lungunan da daba da shaye-shaye su ka yi wa katutu a cikin ganuwa da wajenta, mutuncin maigida kuwa ba ya zama shaida ga kowane yaro da ke kwana a shagonsa. Babu kunya ga uba ya ce shi da ɗansa za su kwana ɗaki guda, ko da a zaure ne a kan tabarma. Mai masauki na ƙwarai ba zai ji haushi ba, zai ƙara ganin girmansa ma.

A nan akwai wani ladabi da ya kamata a tuna. Haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce daga mai gida. A mazhabar Maliku kuma, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya daina ƙasaru. Saboda haka ziyarar kwana uku ta yi daidai ta kowace fuska: ba a nauyaya wa mai masauki ba, yaro kuma ya koyi hukuncin sallar matafiyi a aikace, abin da ya karanta a Iziyya ya gan shi da ido.

Sai zancen unguwa. Wanda ya zo don ɗansa ya ga Kano, ya nemi inda ƙafa za ta kai su. Daga Gidan Rumfa, wanda Sarki Muhammadu Rumfa ya gina a zamanin sarautarsa tsakanin 1463 da 1499, Gidan Makama mai kayan tarihi yana nan dab. Babban masallacin Juma'a da aka sāke ginawa aka buɗe a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, yana jikin fada. Kasuwar Kurmi tafiyar ƙafa ce, karofin Ƙofar Mata ma haka nan, in an fita ƙofar kuwa ga Fagge da Kwari. Dutsen Dala na buƙatar ɗan ƙoƙari, amma yaron da ya hau shi da sassafe ya hango birni a shimfiɗe har Goron Dutse ya sami abin ba da labari na shekara. Wanda ya sauka can Nassarawa ko Bompai ya sami shiru da sanyi da tsaro, amma kowace fita sai abin hawa, kuma tun 2013 aka hana acaɓa a Kano, sai Adaidaita Sahu da cunkosonta. Kwana uku ba su da yawan da za a kashe rabinsu a hanya.

Sabon Gari, wanda aka kafa a 1913 bayan zuwan jirgin ƙasa, yana da ɗakuna masu araha da yawa, kuma cike ya ke da mutanen kirki masu neman halaliyarsu. Kasuwarsa abin gani ce da rana. Amma wasu titunansa da dare akwai mashaya, baƙo kuwa bai san wane titi ne wane ba. Mai tafe da saurayi ya biya ƙarin kuɗin ya matsa Fagge ko cikin birni.

In 'ya mace ce, hukuncin ya juya. Ita gidan da ke da uwargida dattijuwa ya fi mata kowane otal, don tana shiga ciki kai tsaye, ta kwana wurin mata, uban yana zaure hankalinsa kwance. Sai dai a roƙi a haɗa ta da wata babba a fita da ita ta ga Kurmi, kada ta zo Kano ta koma ba ta ga kome ba sai tsakar gida.

Masu son kawo yaro kallon hawan Salla, musamman Hawan Daushe, su aika a kama musu wuri tun da azumi, don ɗakunan kusa da fada su kan ƙare da wuri. Su kuma tambaya ko za a yi hawan kafin su biya kuɗin mota, gama an hana shi a Babbar Sallar 2024 da kuma Ƙaramar Sallar 2025 saboda rikicin sarauta.