Noman Hof Ba Shi Ne Mafita Ba Ga Manoman Zangon Kataf

Tun da cutar 2023 ta yi wa gonakin citta kaca-kaca a Kachia, Jaba da Zangon Kataf, ya zama wajibi manoman kudancin Jihar Kaduna su nemi abin da za su haɗa da citta, don kada su sake tashi a tutar babu.

Mai neman sabon abin nomawa yana iya kwaɗayin hof, tsiron nan mai yaɗo wanda masana'antun barasa da na lemon malt ke sayo furensa daga ƙetare. Amma lissafin ba zai fita ba.

Hof yana bukatar rumfar turaku da waya mai tsayin mita 6, kuma sai ya shekara 2 zuwa 3 kafin ya ba da cikakken amfani. Babban cikas kuwa shi ne tsawon yini. A Hallertau ta Jamus da kwarin Yakima na Amurka, inda aka fi noma shi, yinin lokacin zafi yakan haura awa 15. A Zangon Kataf bai taɓa kai awa 13 ba, don haka tsiron zai yi fure tun bai kai kan rumfa ba, amfanin ya tsumbure.

Ya kamata 'yan kasuwa su tuna da 1988, lokacin da gwamnati ta hana shigo da malt na sha'ir. Dawar gida ce ta cike gurbin. Jarin rumfar hof ya fi dacewa da lafiyayyen irin citta, da sandunan doya, da ɗakunan ajiya a Kafanchan. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.